Sauya Launin Fata Lokacin Juna Biyu

Sauya launin fata lokacin juna biyu shi ne amfani da mai, ko sabulu, ko ƙwaya, ko allura, ko na'urar haske domin ƙara wa fata haske ko duhu a cikin watannin da mace take ɗauke da ciki. A Turai da Amurka hanyar da aka fi sani ita ce kwanciya a gadon fitilu mai rina fata ta yi duhu. A Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma kuwa mata haske suke nema, ta hanyar man bilicin da ake kira shafe-shafe ko haɗi. Manufar ta bambanta, amma abin da mai ciki za ta auna ɗaya ne: illar da abin zai yi wa jikinta, da wadda zai yi wa ɗan da ke cikinta, da kuma hujjar da za ta dogara da ita wajen yanke shawara. Likitocin fata da na mata sun haɗu a kan cewa a dakatar da duka biyun aƙalla har a haihu, domin kwalliya tana iya jira, lahani ga ɗan tayi kuwa sau da yawa ba ya gyaruwa.

Launin fata da sauyin da ciki ke kawowa

Launin fatar ɗan Adam yana fitowa ne daga wani sinadari mai suna melanin, wanda wasu ƙwayoyin halitta da ke ƙasan fatar sama suke sarrafawa. Yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne a jikin baƙi da fari, bambancin yana cikin yawan melanin da suke fitarwa da nau'insa. Melanin garkuwa ne daga ɓoyayyen hasken rana mai ƙuna, wanda ido ba ya gani. Ana gane muhimmancinsa idan aka dubi zabiya, waɗanda jikinsu ba ya samar da shi yadda ya kamata, shi ya sa sankarar fata ta yi yawa a cikinsu a ƙasashe masu zafin rana.

Da ciki ya shiga, sinadaran jikin mace suna ƙaruwa, su zaburar da ƙwayoyin melanin. Saboda haka mafi yawan masu ciki suna ganin duhu a wuya, da hammata, da kan nono, da wani baƙin layi da ke sauka daga cibiya zuwa mara. Wasu kuma baƙin tabo ne yake fito musu a kumatu da goshi da saman leɓe, rana kuma tana ƙara shi. Wannan duhu ba cuta ba ne, kuma a wurin yawancin mata yana ja da baya a cikin watannin da suka biyo bayan haihuwa, ko da yake tabon fuska yakan daɗe wa wasu. Muhimmancin wannan bayani shi ne, lokacin da mace ta fi ganin ta yi duhu, har ta ƙara yawan mai ko ta nemi haɗi mai ƙarfi, shi ne lokacin da ya fi dacewa ta nisanci man.

Yaɗuwar bilicin a Najeriya

Shafa man ƙarin haske ya daɗe a biranen Najeriya. Tun a 1976 mawaƙi Fela Kuti ya fitar da waƙar Yellow Fever yana sukar ɗabi'ar. Adadin da aka fi ambata shi ne cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da irin waɗannan mayuka, adadin da ya shahara bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo shi a wata takardarta ta 2011 game da zaiba a kayan kwalliya. Tushensa wani bincike ne da aka yi a kan 'yan kasuwa a Legas aka buga a 2002, don haka bai kamata a ɗora shi a kan kowane gari ba. Duk da haka binciken da aka yi daga baya a jami'o'i da asibitoci ya tabbatar da cewa ɗabi'ar ta game kudu da arewa, ta shafi mata da maza. A watan Fabrairu na 2023 shugabar hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya (NAFDAC), Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa baki ɗaya.

A ƙasar Hausa dalilan suna da tushe a zamantakewa. Kirarin da ake yi wa farar mace cewa alkyabbar mata ce, da zancen samari na fara ko mayya ce, suna nuna darajar da aka ɗora wa hasken fata a harkar aure. Gasar kishiyoyi, da hotunan biki, da fuskokin da ake gani a finafinai da waya, duk suna ƙara matsin. Gyaran jikin amare na gargajiya da dilka da kurkum da lalle asalinsa goge fata ne da laushinta, amma a yau wasu masu gyaran jiki suna cakuɗa shi da mayukan kanti masu ƙarfi. Yarinyar da aka yi wa irin wannan gyara kafin biki takan ci gaba da shafawa bayan tarewa don kada launinta ya koma, kuma sau da yawa ciki yana shiga a wannan tsakanin.

Kudenda da kewayenta

Domin ganin yadda lamarin yake a aikace, a ɗauki misalin Kudenda. Unguwa ce ta masana'antu da gidajen ma'aikata a birnin Kaduna, kudu da Kogin Kaduna, a gefen titin baifas na Nnamdi Azikiwe, ba nisa da Kakuri da Nasarawa.  Jama'arta gauraye ne: Gbagyi, da Hausawa, da ƙabilun kudancin jihar, da Ibo, da Yarbawa, Musulmi da Kirista. Tun bayan durƙushewar masaƙun Kakuri, inda Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles kuma ta dakata a 2007, gidaje da yawa a wannan yanki suka koma dogaro da ƙananan sana'o'i, kuma sayar da kayan kwalliya yana cikin sana'o'in da mace take iya yi daga ɗakinta da ɗan ƙaramin jari.

Mai yana isa hannun mace a irin wannan unguwa ta hanyoyi huɗu. Akwai shagunan kayan shafa na manyan kasuwanni kamar Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Kasuwar Barci da kasuwar Kakuri. Akwai kemis, inda ake sayen tub na maganin ƙaiƙayi ba tare da takardar likita ba, a matse shi a cikin man shafawa. Akwai masu haɗi, waɗanda suke cakuɗa mayuka da ruwan kwalabe iri-iri su zuba a robar da ba ta da suna ko jerin abin da ke ciki. Sai kuma masu talla a WhatsApp da Instagram da TikTok, waɗanda sukan kira kayansu na itatuwa zalla. Ta fuskar auna haɗari, hanya ta uku da ta huɗu su ne mafi muni, domin mai saye ba ta san abin da ta saya ba, mai sayarwar ma sau da yawa ba ta san adadin abin da ta zuba ba.

Mata masu ciki a wannan yanki suna zuwa awo a cibiyoyin lafiya na matakin farko, da Babban Asibitin Gwamna Awan da Asibitin St. Gerard da ke Kakuri, idan lamari ya yi tsanani kuma a tura su Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a tsallaken kogi. A wurin awo ana tambayar mace maganin da take sha, ita kuwa ba ta ɗaukar man shafawa a matsayin magani, wata kuma kunya ce take hana ta faɗa. Ta haka ne bayanin da zai taimaki ungozoma ko likita yake ɓacewa.

Sinadaran da ke cikin mayukan

*Zaiba.* Zaiba, wadda ake kira makuri, tana hana jiki sarrafa melanin, kuma tana da arha. Tana ratsa fata ta shiga jini, ta taru a ƙoda. Tun a 1972 likitoci a Nairobi suka danganta wani ciwon ƙoda mai kumbura jiki da mayuka masu zaiba a tsakanin 'yan mata. Sauran alamunta sun haɗa da rawar hannu, da mantuwa, da rashin barci, da saurin fushi. Zaiba tana iya ƙetare mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, tana kuma fita a ruwan nono. Abin da ya faru a garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956, shi ne ya fi nuna haɗarin: matan da suka ci kifi mai gubar zaiba, wasunsu ba su nuna wata alama mai tsanani ba, amma suka haifi yara masu lalurar ƙwaƙwalwa. Nau'in zaibar Minamata ya fi wanda aka saba samu a mai saurin kaiwa ga ƙwaƙwalwa, sai dai a 2019 an kwantar da wata mata a Sakaramento ta Amurka cikin doguwar suma bayan ta shafa man fuska mai ɗauke da wannan nau'i. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe daban-daban sun gano mayukan da zaibar cikinsu ta ninka iyakar da doka ta sa sau dubbai. Ba mai shafawa kaɗai abin yake shafa ba, domin zaiba tana manne wa tawul da zanen gado, turirinta kuma yana shiga iskar ɗaki.

*Sitiroyid.* Kulobetasol da betametason magunguna ne da likita yake rubutawa na 'yan kwanaki domin wasu cututtukan fata. Suna sa fata haske da sauri, shi ya sa suka zama ginshiƙin haɗi. Idan aka daɗe ana shafa su a jiki duka, fata takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa masu faɗi su fito, kyasbi da makero da ƙuraje su yawaita, ciwo kuma ya ƙi warkewa da wuri. Farfesa Yetunde Olumide da abokan aikinta a Legas sun tattara irin waɗannan illoli a wani rahoto na 2008. Abin da ya shiga jini kuma yana iya kawo hawan jini da ciwon suga, ya kuma sa jiki ya rage fitar da sinadarin kotisol, wanda mutum yake buƙata a lokacin rashin lafiya ko tiyata. A kan masu ciki, binciken da aka yi a Dakar aka buga a 2007 ya duba mata 99 da cikinsu ya tsufa, aka samu kusan kashi 69 cikin 100 suna shafa man haske. Waɗanda suke amfani da sitiroyid mai ƙarfi an same su da ƙaramar mabiyiya, kuma sun fi haihuwar jarirai marasa nauyi. Wani babban bincike a Birtaniya a 2013 ya nuna cewa haɗarin haihuwar jariri mai nauyi ƙasa da kilo biyu da rabi yana ƙaruwa idan sitiroyid mai ƙarfi da mace ta yi amfani da shi a tsawon cikin ya wuce giram 300. Tub goma ne kawai masu giram 30, adadin da mai shafa haɗi a jiki duka safe da yamma take iya wucewa tun cikin bai tsufa ba. Sitiroyid mara ƙarfi da likita ya rubuta domin cuta ba ya cikin wannan hukunci.

*Haidirokwinon.* Wannan sinadari yana dakatar da aikin ƙwayoyin melanin, kuma likitocin fata suna amfani da shi na ɗan lokaci a kan tabo. Ƙananan binciken da aka yi ba su nuna cewa yana nakasa ɗan tayi ba, amma an auna cewa kimanin kashi 35 zuwa 45 cikin 100 na abin da aka shafa yana shiga jiki, adadi mai yawa idan aka kwatanta da sauran magungunan shafawa. Saboda haka ake hana masu ciki. Daɗewa a kansa yana jawo wani baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu da bayan wuya wanda yake da wuyar magani, cutar da likitoci a Afirka ta Kudu suka bayyana a 1975.

*Retinoyid.* Dangin bitamin A ne da ake maganin ƙurajen fuska da su. Na sha, wato aisotiretinoyin, yana cikin magungunan da aka tabbatar suna nakasa zuciya da ƙwaƙwalwa da kunnen ɗan tayi. Na shafawa kaɗan ne yake shiga jini, amma ana dakatar da shi saboda dangantakarsa da na sha.

*Gulutatayon.* Ana sayar da shi a matsayin ƙwaya, ko abin sha, ko allura da ƙarin ruwa. Ba a tabbatar da lafiyarsa ga mai ciki ba, allurar kuma tana ɗauke da ƙarin haɗarin kamuwa da cuta idan ba a asibiti aka yi ta ba. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta gargaɗi mata masu shan ƙwayoyi da nufin su haifi farin jariri. Launin yaro gado ne daga iyaye da kakanni, babu ƙwayar da take sauya shi.

Gadon rina fata

Gadon rina fata akwati ne mai dogayen fitilu sama da ƙasa da ke fitar da irin hasken rana mai ƙuna. Bajamushe Friedrich Wolff ne ya yaɗa shi a shekarun 1970, ya bazu a shagunan kwalliya na Turai da Amurka da Ostireliya. A 2009 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukuni na ɗaya na abubuwan da ke haddasa sankara, rukunin da taba sigari take ciki. Wanda ya fara amfani da shi kafin shekara 35, haɗarin kamuwa da mafi munin sankarar fata yana ƙaruwa masa da kusan kashi 60 cikin 100. Barazil ta haramta shi domin kwalliya a 2009, jihohin Ostireliya suka rufe shagunansa daga 2015, Ingila kuma ta hana shi ga 'yan ƙasa da shekara 18 tun 2011.

Hasken gadon ba ya ratsa fata ya kai mahaifa, kuma babu hujja bayyananniya cewa yana cutar da ɗan tayi kai tsaye. Duk da haka ana ba masu ciki shawarar su bar shi saboda dalilai uku. Na farko, yana ƙara tabon fuskar da ciki ke kawowa, fatar mai ciki kuma ta fi saurin ƙuna. Na biyu, zafin jiki da ya haura digiri 39 a farkon ciki an danganta shi da nakasar laka da ƙwaƙwalwa. Na uku, wannan haske yana iya karya sinadarin folik a jiki, wanda shi ne yake kare ɗan tayi daga wannan nakasa. A Kaduna wannan na'ura ba abar nema ba ce, amma darasinta ya shafi mai bilicin: fatar da aka rage wa melanin tana fuskantar ranar bazara ta Maris da Afrilu ba tare da garkuwarta ba. Likitoci a Dakar sun ba da rahoton sankarar fata a jikin matan da suka shafe shekaru suna bilicin.

Yadda ake auna haɗari

Hujjar da mata suka fi kawowa ita ce wance ta shafa har ta haihu, ɗanta kuma lafiya lau. Maganar gaskiya ce, amma ba ta isa hujja ba. A ce, domin misali, wata matsala tana samun jarirai 2 cikin 100, sai wani mai ya ninka ta zuwa 4. Mata 96 cikin 100 masu shafa man za su haihu lafiya, kowacce ta zama shaida a unguwarta cewa man ba ya komai, alhali ya ninka haɗarin. Ido ba ya iya gane irin wannan ƙari, sai an ƙirga haihuwa ɗaruruwa ko dubbai. Bugu da ƙari, wasu illolin ba a ganin su ranar suna. Illar zaiba ga ƙwaƙwalwa tana iya ɓoyewa sai yaro ya yi jinkirin magana ko ya kasa karatu, lokacin da ba wanda zai tuna da man da uwarsa ta shafa.

Akasin haka ma kuskure ne. Kowane ciki yana da nasa haɗari ko mace ba ta shafa komai ba: ciki 10 zuwa 20 cikin 100 da aka tabbatar da shigarsa yana zubewa, jarirai kimanin 3 cikin 100 kuma ana haihuwarsu da wata nakasa. Don haka ba daidai ba ne dangi su ɗora wa mace laifin kowane ɓari saboda ta taɓa shafa mai, kuma wadda ta gano tana da ciki bayan ta yi makonni tana shafawa ba ta da dalilin firgita ko tunanin zubar da shi. Abin da ke gabanta shi ne ta je awo ta faɗi gaskiya.

Masana suna duba abubuwa biyar idan za su auna haɗari ga mace guda. Na farko, mene ne a cikin man. Na biyu, yawan abin da ake shafawa da faɗin wurin, domin ɗigo a kan tabon kumatu ba ɗaya yake da mulke jiki daga wuya zuwa ƙafa ba, zafi da gumi da siririyar fata kuma suna ƙara abin da ke shiga jini. Na uku, tsawon lokacin da aka ɗauka ana yi. Na huɗu, matakin cikin: gaɓoɓin ɗan tayi suna ƙeruwa ne daga mako na 3 zuwa na 8 bayan shigar ciki, laka tana rufewa cikin kwana 28 na farko, tun kafin mata da yawa su san suna da ciki, ƙwaƙwalwa kuwa tana ci gaba da ginuwa har bayan haihuwa. Na biyar, lafiyar uwar: mai hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon ƙoda, ko wadda ake sa ran za a yi mata tiyata, haɗarinta ya fi na sauran. A haɗin da ba shi da suna, tambaya ta farko ba ta da amsa, kuma idan ta faɗi sauran lissafin ba ya tsayawa.

Akwai kuma bambanci tsakanin a ce ba a gano illa ba da a ce an tabbatar babu illa. Ba a gwada sinadarai a jikin masu ciki da gangan, don haka hujja takan zo a makare. Maganin talidomaid, wanda aka sayar daga 1957 zuwa 1961 ana ba masu laulayi, sai da aka haifi yara sama da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa kafin a janye shi. Daga nan likitoci suka riƙe ƙa'idar cewa mai ciki tana ɗaukar haɗarin magani ne idan barinsa ya fi cutarwa, kamar maganin zazzaɓin cizon sauro, ko na hawan jini, ko na farfaɗiya. Man haske ba ya warkar da komai, saboda haka babu wani amfanin lafiya da za a ɗora a ɗaya gefen sikeli.

Doka

Yarjejeniyar Minamata, wadda aka amince da ita a 2013 ta fara aiki a 2017, Najeriya kuma ta tabbatar da ita a 2018, ta sa iyakar miligiram 1 na zaiba a kowane kilo na kayan kwalliya. A taron Janiba na 2023 ƙasashe suka amince a cire wannan rangwame, a hana zuba zaiba a kayan kwalliya gaba ɗaya daga 2025. Afirka ta Kudu ta hana haidirokwinon a kayan kwalliya a 1990, Tarayyar Turai a 2001, Kwaddibuwa ta haramta mayukan bilicin a 2015, Ghana da Ruwanda suka ɗauki irin wannan mataki daga baya. A Najeriya dokokin NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, sun haramta zaiba da sitiroyid a kayan kwalliya, sun kuma ƙayyade haidirokwinon. Hukumar tana da ɗakin gwaji a Kaduna. Sai dai lambar rajista a jikin kwali ba ta zama cikakken tabbaci ba, domin ana buga ta jabu, haɗin da ake yi a cikin gida kuwa ba ya bi ta hannun kowace hukuma.

Addini da iyali

Malaman Musulunci da yawa a arewacin Najeriya suna hana bilicin bisa dalilin sauya halittar Allah da kuma ƙa'idar hana cutar da kai ko cutar da wani, suna bambanta shi da maganin tabo ko cuta. Limaman coci ma suna wa'azi a kansa. Ga masu cewa komai ƙaddara ne, malamai suna amsawa da cewa tawakkali yana tafiya tare da riƙon sababi. A aikace, shawarar ba ta mace kaɗai ba ce. Miji ne sau da yawa yake ba da kuɗin man ko yake yaba hasken, uwar miji da ƙawaye kuma su ne suke tanka wa mace idan ta yi duhu. Mai cikin da mijinta ya ce mata ta ajiye man, ya kuma hana a yi mata gori, ta fi samun sauƙin dainawa.

Shawarar ma'aikatan lafiya

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar zuwa awo sau 8, na farko a cikin mako 12 na farkon ciki. A wannan zuwa na farko ya kamata mace ta ɗauki duk abin da take shafawa, da kwali da roba da sabulu, ta nuna wa ungozoma. Wannan yana da amfani ko ga gwajin da ake yi mata, domin kumburi da furotin a fitsari da hawan jini alamu ne na cutar da ke kai mai ciki ga jijjiga, zaiba da sitiroyid kuma suna iya kawo makamantansu. Mai zaiba, da haidirokwinon, da retinoyid, da ƙwaya ko allurar haske, ana daina su nan take. Sitiroyid kuwa, idan an daɗe ana shafa shi a jiki duka, ba a yanke shi rana ɗaya, domin jiki yana iya rasa kotisol, mace ta yi kasala da jiri da amai har jininta ya faɗi. Likita ne yake tsara yadda za a rage shi sannu a hankali, kuma dole mai yin tiyata ya sani.

Bayan dainawa fata takan yi duhu fiye da da, ta yi ƙaiƙayi ko ƙuraje na wasu makonni, kuma a nan ne mata da yawa suke komawa. Man kaɗanya, ko man kwakwa, ko basilin sun isa su tausasa ta. Inuwa, da laima, da man kare rana mai sinadarin zink suna rage tabon fuska, idan kuma ya dame ta likita yana iya rubuta sinadarin azelayik, wanda ake yarda da shi ga masu ciki. Wadda take shirin ɗaukar ciki gara ta daina tun watanni kafin lokacin, ta kuma fara shan folik maikurogiram 400 a kullum.

Hanin bai ƙare da haihuwa ba. Mai shayarwa tana rungume da jariri, fatarsa tana gogar tata, bakinsa yana kan nononta. Jarirai baƙar fata ana haihuwarsu da haske, su rine a hankali zuwa launinsu na gado cikin makonni ko watanni, kuma wannan ba alamar wata matsala ba ce. Shafa wa jariri man haske ko tub mai sitiroyid ya fi haɗari a kan shafa wa babba, saboda fatarsa siririya ce, faɗinta kuma yana da yawa idan aka kwatanta da nauyinsa, don haka abin da ke shiga jininsa ya fi yawa. Duk jaririn da aka riga aka shafa wa irin wannan mai, a kai shi asibiti tare da robar man.